Ɗan Farin Fadimatu

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, aka kawo ordinater, wato na'urar kwamfuta, wani biro, ofishin masu agaji, a Keita. Biba, 'yar Tabotaki, ita ke buga mata amsoshin da masu ƙidaya suka kwaso daga ƙauyuka, da jaririyarta goye a baya.

Mushe Rabo, wato Malam Rabo, shugaban lissafi, ya rubuta wa na'urar umarni guda: ta bi tambayoyi tamanin ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da tablo, wato jadawali, ga kowace, mutum nawa suka ce kaza, sannan ta gwada ko bambancin ƙauye da ƙauye na gaske ne ko dace ne kawai. Aikin wata biyu ya koma na wuni ɗaya. Da tablon nan aka raba madarar gari, kowane wuri gwargwadon yaransa.

Sai bayan mako uku, tana jera takardu, idon Biba ya faɗa kan tablon rugagen Tabotaki. Ƙananan matan aure arba'in, wai talatin da ɗaya ba su da ɗa. Ta tono takardun asali har ta kai ga ta Fadimatu matar Giɗaɗo, ƙawarta tun suna ɗibar ruwa rijiya ɗaya. Yara: sifiri. Alhali Biba ta ci tuwon sunan yaron. Kuma da yatsanta ta buga sifirin, lambobi take bi, ba sunaye ba.

"Mushe, tablon ga ƙarya shikai."

"Biba ke nan! Mashin ta gwada, ta ce bambancin na gaske na. Makiyaya ba su haihuwa da wuri."

"To tambaye ni ɗiya nawa gare ni."

Ya yi dariya. "Madam, ɗiya nawa gare ki?"

Biba ta sunkuyar da kai, ta yi shiru. Jaririyar, 'yarta ta fari, ta motsa a bayanta. Dariyar Rabo ta tsaya. Shi ma uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, don shi ne na fari.

"Namiji baƙo ya tsaya gaban surukai shina tambaya," in ji Biba. "Wace mai kunya za ta ƙirga ɗan fari? Ko kashe ta za ka yi, babu za ta ce."

Rabo ya dafe kai. "Gyaran ba shi kai awa guda. Amma sai an sake ƙirga."

Washegari ta bi kamyo, babbar motar kaya, zuwa Buza, daga nan Tabotaki. Ba ta tambayi uwa ko ɗaya ba, kakanni ta nema, su da ba su jin nauyin jika. Kafin la'asar ta rubuta yara ashirin da bakwai da na'ura ba ta san da su ba.

Bukkar Fadimatu ta bari ƙarshe, don ta samu zama. Goggo, uwar Giɗaɗo, ta tare ta a bakin shinge.

"Kin zo gaisuwa, 'yar nan? Ran Alhamis munka kai yaron makwanci. Nono ya ƙahe, shanu sun ƙare. Madarar da anka kawo kwana huɗu ta yi."

Fadimatu na zaune tana tsince gero a faifai. Ba ta yi kuka ba, kunyar ta bi yaron har kabari. Ta miƙa hannu ta karɓi jaririyar Biba, ta jinjina ta.

"Tana da nauyi," ta ce. "Ki riƙa ba ta."

Ran Litinin Biba ta zauna gaban na'ura, ta mai da sifiri ya koma ɗaya, sau ashirin da bakwai. Da ta iso layin Fadimatu, ta ɗaga yatsa, ta daɗe a haka. Babu abin gyarawa. Ta ƙara ɗaure goyonta, ta wuce layi na gaba.