Iska a Cikin Birki

"Kada ka amince wa jak shi kaɗai, Malam! Tura kututturen nan ƙarƙashin motar tukuna," in ji Direba.

Malam ya ja tsaki, ya tura. Shekara ashirin yana maƙwabtaka da Direba, gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ɗin ma ya rage ta tun rasuwar matarsa. Yau ga shi kwance a ƙasa da sifana a hannu, don 'yar Direba ta buga masa ƙofa. Likita ya sallamo babanta, ya ce babu sauran magani. Shi kuwa tsohon ya rantse ba zai bar mata mota da birki mai laushi ba, ga hanyar wurin aikinta duk gangara.

Cire iska daga birki aikin mutum biyu ne, ɗaya yana takawa, ɗaya yana kwance noti a bayan taya. Malam da 'yar suka tallabo Direba suka zaunar da shi a gaban sitiyari.

"Na taka. Kwance!"

"Na kwance. Ko ɗigo babu."

"Littafi dubu a ɗakinka, noti ɗaya ya gagare ka?"

"Noti lafiyarsa lau. Ka taka kuwa?"

Ƙafar da ta yi shekara arba'in a kan birki ta kasa kai shi ƙasa.

"Baba, matsa," in ji 'yar.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ja jiki zuwa ɗaya kujerar, ta zauna a gaban sitiyari, ya ɗora hannu a gwiwarta.

"Sau uku, ki riƙe. Kada ki saki sai ya ce ya ɗaure."

Man birki ya zubo cikin kwalba da kumfa, can ya dawo garau. Haka suka bi taya huɗu.

"Ya yi tauri, Baba."

"Madalla." Ya leƙo ta taga. "Malam, duk wata ka duba mata mai."

"Ni ba makanike ba ne."

"Ai na gani."

Ranar Laraba da hantsi Direba ya cika.

Ranar da 'yar za ta koma aiki, Malam ya fito da tsumma, ya ɗaga bonet, ya duba mai, ya rufe. Ta ja motar a hankali. Can a kwana wata tsohuwa ta shigo titi da tulu a ka. Jajayen fitilu biyu suka kama, motar ta tsaya cak, tsohuwar ta tsallake ba ta ko waiwayo ba.