Haɗin Ya Aisa

Ta saman katanga Binta ta miƙo ƙanƙarar a cikin kwanon silba, ruwan sanyi na bin hannunta har gwiwa. Azumi ake yi, la'asar ta yi sakaliya, zafin Maiduguri kuwa ya kai inda ƙadangare ma ke neman inuwa. Tun da aka tashi turakun lantarki da bam a hanyar Damaturu garin ya rasa wuta, ƙanƙara ta zama abin da magidanta ke hawa Keke Napep su je nema har ƙarshen gari. Amma ga ta nan a Galtimari, a gidan Binta Bakanuwa, har da ta kyauta.

"Ya Aisa, ga wannan ku jiƙa maƙoshi in an sha ruwa. Firjin ya cika, wallahi har rasa inda zan sa nake yi."

Ya Aisa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa albarka har da ta jikokin da ba a haifa ba. Sai da ta juya baya murmushin ya zube. Har rasa inda za ta sa take yi! Yau Binta ce ke faɗa mata haka. Bintar da ta sauka a unguwar nan da tabarma ɗaya da tukunya biyu, wadda ba ta san bambancin humra da turaren wuta ba sai da Ya Aisa ta zaunar da ita ta koya mata. Ta dangwarar da kwanon a gindin randa, zuciyarta na tafasa. Hassada ce, ba wani abu ba, kuma ita kanta ta sani.

Sola ce a kan rufin Binta, kuma ɗanta Zayyad ne ya saya. Da me? Da gyaran shishar aljihu, wannan da samari suka fito da ita: 'yar ƙarfe kamar fitilar hannu, da batir a gindi da ɗan tankin gilashi a sama, a zuba ruwa mai ƙamshin mangwaro ko na'a-na'a, a zuƙa, hayaƙi ya turnuƙe. Direbobin ƙungiyoyin agaji ne suka fara shigo da ita, 'ya'yan manya suka kama, sai ga shi har mai tura ruwa yana da tasa a aljihu. Abin kuma ba ya jure zafi. Yau tanki ya tsage, gobe ya yi yoyo ya ɓata aljihun kaftani, duk sai a nufi ƙofar Zayyad.

Ita kuwa nata ɗan, Babakura, sa'an Zayyad ne kuma abokinsa. Ya gama difloma, yana bin ubansa Kasuwar Shanu dillanci, alhali shanun sun daina shigowa tun da hanyoyi suka lalace. Su fita da safe su dawo da ƙurar ƙafa. Yaro mai sanyin hali, ko goro ba ya ci, abinsa ɗaya ƙwallon yamma. Turaren da Ya Aisa ke haɗawa shi ke riƙe da gidan, shi ma wa ke ta turare a garin da ake neman na koko?

Da aka sha ruwa ta tura wa Babakura kofin ruwan ƙanƙarar, ta bari sai da ya shanye, sannan ta ce gobe ya je wajen Zayyad ya koyi gyaran nan.

"Mama, ai ke kika ce sana'ar 'yan iska ce."

"Na faɗa. To 'yan iskan ne yau suke ba ka ruwan sanyi."

* * *

Babakura yana da hannu. Bayan Babbar Sallah ya riga ya shimfiɗa buhu a zauren gidansu, da 'yan sukurdireba da auduga da ƙananan robobi masu kamar zobe. Ya Aisa na daka kajiji a tsakar gida, kunnenta na zaure, har ta haddace karatun. Ta san yawancin yoyo daga robar nan yake, in zafi ya busar da ita sai a sake wata. Ta san gilashin da ya tsage ba shi da magani sai canji, amma tankin roba ana iya lallaɓa shi da gam ya ƙara 'yan kwanaki. Ta san audugar da ke naɗe da waya a ciki in ta ƙone, ɗanɗanon kan koma kamar an zuƙi tsumma.

Ta kuma san abin da ya fi ci mata rai, cewa kayan ma suna da sarakuna da talakawa. Samari kan zauna a ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakanin gidajen biyu, kowa ya zaro tasa ana gwadawa. Wannan ya ce tasa ta ƙarfe ce daga Dubai, tana da ɗan allo mai nuna ƙarfin wuta, caji ɗaya ta wuni. Wancan ya ce allo na banza, a duba girman tanki da yawan hayaƙi. Sai a yi wa mai ta roba dariya, a ce tasa ko kallon kirki aka yi mata sai ta tsage. In an tashi kuwa, masu ta ƙarfe su yi ƙofar Zayyad, masu ta roba su yo ta Babakura. Wato ko a nan ma ɗan Binta ke da nama, nata ke da romo.

A wajen gwaji ne kawai abokan suka sha bamban. Binta ta sa Zayyad ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai kai abin bakinsa ba, don haka in ya gama gyara sai ya jona sirinji da ɗan tiyo ya ja iska, ya ga ko ruwa zai biyo. Babakura ya ga wannan ɓata lokaci ne, baki ya fi sauri, masu kayan ma sun fi yarda in sun ga hayaƙi ya fito. Ranar farko da Ya Aisa ta leƙa ta gan shi yana fitar da hayaƙi ta hanci, sai ta tsare shi da tambaya. Ya ce mata ai ba taba ba ce, ruwan 'ya'yan itace ne. Ta so ta yarda, sai ta yarda. Ita da ba ta taɓa sayar da turare ba sai ta ɗora shi a kaskonta ta ji, me za ta ce? Har ma ta yi wa Zayyad tsaki a ranta, mai tuyan da ba ya ɗanɗana ƙosansa.

Wata ranar Laraba Zayyad ya tafi kasuwa sayen gilasai, sai wani direban ƙungiyar agaji mai suna Wilson ya kawo tasa ta ƙarfe wajen Babakura don dole. Ya Aisa ta zuba sabon haɗi a garwashi kenan, hayaƙin ya bi iska ya shiga zaure. Wilson ya lumshe ido, ya ce da za a sami ruwan shisha mai wannan ƙamshin, da ya rabu da mangwaro har abada. Wasa yake yi. Ya Aisa da ke bayan labule ba ta ɗauke shi wasa ba.

Washegari ta fito da kwalaben da ba ta buɗewa sai za a yi wa amarya haɗi: madarar turare mai kauri, da man sandal, da wani ɗan sirri da ta gada wajen uwarta. Ta haɗa, ta tace da farin ƙyalle, ta miƙa wa Babakura ta ce ya ɗiga a cikin ruwan da yake zuba wa mutane. Ya juya kwalbar a hannu, ya ce Zayyad ya taɓa gaya masa ba a sa mai a ciki.

"Zayyad ya ce! Yaushe Bakano ya san turare? Kakarka a cikin hayaƙin nan ta yi jego goma, ta mutu da haƙoranta cif. Turare ya taɓa kashe wani a Borno?"

Bai taɓa yi mata musu ba, ranar ma bai yi ba.

* * *

Abin ya karɓu fiye da yadda ta zata. Kafin damina ta ɗauke, "haɗin Ya Aisa" ya zaga daga Galtimari har Tsohuwar Maiduguri. Saurayi zai zuƙa ya shiga gida, uwarsa ta ce wane turare ne wannan mai daɗi, maimakon ta tuhume shi. 'Yan mata ma suka samu mafaka, ana aiko da tasu a cikin jakar hannu. Masu ta ƙarfe mai allo suka dawo zauren Babakura suna layi. Man kuma yana da kauri, yana toshe auduga da wuri, sai kayan su riƙa dawowa gyara a kai a kai. Kowace ta dawo sai ya wanke, ya sake auduga, ya zuƙa ya ji. Tun safe har magariba bakinsa na kan aiki.

Ya Aisa ta yi ƙiba a wannan watannin. Takan fito ƙofar gida ba don komai ba sai don ta ga bencin Zayyad babu kowa, sannan ta ɗaga murya ta gaida Binta da "wushe, wushe", sannun Barebari, mai zaƙi kamar zuma. An kai kafin alƙalami wajen mai sola. Ta riga ta zaɓi inda firjin zai zauna, daidai inda za a hango shi daga saman katanga.

Zayyad ya shigo wata safiya, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ya ce ya buɗe wata shisha da aka kawo masa ya ga mai ya daskare a ciki kamar kitse, kuma tarin da Babakura ke yi bai kwanta masa ba. Ya roƙe ta don Allah a daina. Ta bar shi ya gama, ta ce ta gode, ya gaida mamansa. Yana fita ta ce, yadda zai ji, hassada ga mai rabo taki ce.

Tarin kam ta ji shi, ai ba kurma ba ce. Ta haɗa masa zuma da citta da lemon tsami. Da uban ya tambaya, ta ce sanyin damina ne, kuma shi da bai kawo komai ba ya bar mai kawowa ya sarara. Babakura ya daina zuwa ƙwallo, ya ce aiki ya yi yawa. Ya koma yin sallah a zaune in ba kowa a ɗakin. Wani hantsi ya ɗauko jarkar ruwa daga ƙofar gida, bai kai bakin randa ba ya durƙushe, yana buɗe baki kamar kifin da aka jefo tudu, leɓɓansa sun yi baƙi.

* * *

Likitar da ta duba shi a asibiti mace ce, Dakta Rhoda, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga hoton ƙirjin a jikin taga ta nuna wa Ya Aisa inda ya kamata ya yi baƙi amma ya yi fari fat, dama da hagu. Ta ce mai ne ya kwanta a huhun, ta tambayi abin da yake zuƙa. Babakura na kwance da robar iska a fuska, ya juya ido ya kalli bango. Ko a nan ba zai ambaci uwarsa ba.

"Turare ne fa, likita," in ji Ya Aisa. Muryarta ta fito 'yar ƙarama. "Namu na gida. Ni na haɗa."

"Mama, turare daga nesa ake jin sa. Wannan dafa shi aka yi aka tura cikin huhu, kuma huhu ba riga ba ce da za a wanke." Ta sauke hoton. "Za mu yi iya ƙoƙarinmu. Sauran da suka saya fa, su nawa ne?"

 Fuskoki suka riƙa zuwar wa Ya Aisa, da Wilson, da yaran darbejiya, da jakunkunan 'yan matan da ba ta ma san gidajensu ba. Ta nemi bakin gado ta zauna.

Da yamma Binta ta zo da fulas ɗin kunun gyaɗa. Da ma ta yi gori, da Ya Aisa ta samu abin riƙewa. Ba ta yi ba. Ta kama hannunta ta ce Allah ya tashi kafaɗunsa, Yaya, ɗa na kowa ne, idonta ya kawo ruwa. Zayyad ya biyo baya da gudu, ya hawo benen da tukunyar iskar da aka aike shi ya karɓo a kafaɗa, ya dire ta, ya yi sallama da cikakkiyar murya ko haki ba ya yi.

Aka zuba kunun a kofi, ya yi zafi. Babakura ya janye robar daga fuskarsa, ya tattara leɓe zai hura, sai tari ya turnuƙe shi har kunun ya zube a zanin gado. Zayyad ya karɓi kofin ya ce bari, abokina. Ya zauna a gefen gadon ya shiga hurawa a hankali, dogon numfashi mai tafiya sumul, saman kunun na rawa, ya ja wani ya sake hurawa.

Ya Aisa ta zuba wa ƙirjin ɗan Binta ido, yana cika yana sauka, yana cika yana sauka, ta kasa ɗauke kai.