Hutun da Aka Ajiye wa Jana'iza

"Kada wadda ta kuskura ta faɗa mata," in ji Ramlath, ta tare ƙofa da hannu biyu. "Ita dai gyambon ciki ta sani. A bar shi a gyambon ciki."

Mu uku ne tsaye a barandar gidan. Akwai Sista Leelamma, wadda ta haura shekara ashirin tana zagaya gidajen waɗanda asibiti ya sallama su koma gida su jira ikon Allah. Akwai Nimisha, sabuwar ma'aikaciyar jinya da ko wata biyu ba ta yi a ƙungiyarmu ba, rungume da jakar magani. Sai ni Nabisa, 'yar sa-kai, aikina nuna hanya da taya juya marar lafiya. Wannan gidan kam ko ido a rufe na kai su, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Marar lafiyar, Yaya Biyyathu, maƙwabciyata ce shekara talatin da huɗu. Ramlath 'yarta ce, a gabana aka yanke mata cibi.

"Ɗanta Shukur fa?" in ji Sista. "Ya sani?"

"Yaya Shukur ya san ba ta jin daɗi. Ya isa haka." Ramlath ta rage murya. "Sista, ai kin san yadda aiki a Dammam yake, can ƙasar Larabawa. Sau ɗaya uban gidansa zai ba shi hutun gaggawa, kwana bakwai, ba ƙari. In ya cinye shi yanzu, ranar da abin ya faru wa zai ɗauki makara? Wa zai shiga kabari ya karɓe ta? Ɗa namiji ɗaya tal, a ce ba ya nan? Da wane ido zan kalli mutanen unguwa?"

Sai na sunkuyar da kai, don ni ce na ba ta wannan shawarar. Haka muke yi, haka muka taras ana yi. Rabin mazan unguwar nan suna can ƙasashen Larabawa, kuma kowane gida ya san hutun gaggawa na jana'iza ne, ba a taɓa shi sai an ga ido ya kafe.

Muka shiga. Nimisha dai ta iya aiki, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta auna jini, ta wanke miki, ta ƙirga ƙwayoyin kashe zafi, duk a tsaye, hannunta kamar na mai tufka igiya. Yaya Biyyathu tana ta bin ta da ido. Sai da yarinyar ta fara rufe jaka sannan ta ce, a hankali, "'Yar nan, yaya kika ga jikin?"

"Garau, Umma! Kafin babbar Sallah kina tsakar gida kina korar kaji."

Tsohuwar ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. "To, Allah ya kai mu," ta ce, ta juya fuskarta bango.

A barandata muka sha baƙin shayi kafin motar ƙungiya ta dawo. Sista Leelamma ba ta faɗa, abin da ya sa ake tsoronta ke nan. Sai da ta kurɓa sau biyu ta ce, "Nimisha, me matar nan ta tambaye ki?"

"Ta ce yaya jikin."

"Ke kuma kika ce me?"

"Na ƙarfafa mata gwiwa, Sista. Ba haka 'yarta ta ce ba?"

"'Yarta cewa ta yi kada mu faɗa mata. Ba ta ce mu yi mata ƙarya ba. Allah kaɗai ya san kwana nawa ta yi tana tara ƙarfin yin wannan tambayar, ke kuma kin toshe mata baki da kaji."

Na kasa haƙuri, bakina ba ya ajiya. Na ce, "Kin ma san wa kika yi wa zancen kajin? Ita ce fa mai wankan gawar matan unguwar nan tun ba a haife ki ba."

Idon yarinyar ya kawo ruwa. "To me zan ce mata? In ce za ta mutu?"

"Wa ya aike ki?" in ji Sista. "Ki nemi abin zama ki zauna, kada kanki ya fi nata tsawo. Ki mayar mata da tambayarta, ki ce ke yaya kike gani. Daga nan ki kama bakinki. Shirun ne zai ba ki wuya, za ki ji kamar ki tashi ki ruga. Kada ki tashi." Ta ajiye kofi. "Ba don na fi ki ba nake faɗa. Ina shekarunki na ce wa wani mai sana'ar hawan bishiyar kwakwa zai warke. Ya yarda da ni, bawan Allah, ya tafi bai yi sallama da kowa ba. Har yau in na hango matarsa a kasuwa sai in sake hanya."

Da suka tafi na zauna ni kaɗai, abin duniya ya ishe ni. Mijina Alavi shekara ashirin da uku ya yi a Jidda. Na taɓa haɗa duk hutun da ya zo, zamanmu tare bai cika shekara uku ba. A akwati ya dawo mini na ƙarshe, an rubuta sunansa da alli a jiki. Wallahi har yau ina kewarsa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne muryarsa ta fara ɓace mini. Amma ga ni nan, da wannan bakin nawa, na ce wa Ramlath ta ajiye wa uwarta hutu sai ta zama gawa.

Ran Talata suka dawo. Cikin mako guda Yaya Biyyathu ta zube, awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. Sista ta ja Ramlath gefe ta ce, "Alkawarinki yana nan, ba za mu faɗa mata komai ba. Amma in ita ta faɗa mana, za mu saurara. Ki tsaya a bakin ƙofa ki ji da kunnenki."

Nimisha ta gama aikinta, ta dudduba ɗaki ba kujera. Sai ga ta ta shiga madafa ta ɗauko 'yar kujerar kankare kwakwa, ta zauna a kai, gwiwoyinta har haɓa. Tsohuwar ta buɗe ido ɗaya.

"Yau ba kaji?"

"Ki yafe ni, Umma. Ran nan kin tambaye ni, na yi miki surutu." Nimisha ta gyara zama. "Ke yaya kike ganin jikin?"

Aka yi shiru. Kai, ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Fanka tana juyi, can kan titi mai kifi yana busa ƙahonsa. Ina ganin yatsun yarinyar suna murza bakin rigarta, bakinta ya buɗe zai yi magana, ta mayar ta rufe. Ni da ba ni aka ce in yi shiru ba, sai da gumi ya keto mini.

"Miƙo hannunki," in ji Yaya Biyyathu. Ta sa Nimisha ta taɓa ƙafarta. "Kin ji sanyi? Daga nan yake farawa. Nabisa, mata nawa na wanke a unguwar nan?"

"Sun haura ɗari, Yaya."

"To kin ji. Gyambon ciki! Ni za a yi wa gyambon ciki? Tun ranar da likita ya daina kallon idona na sani. Ina yin kamar ban sani ba ne don Ramlath ta samu ta runtsa."

Nimisha ta matso kusa. "Me kike so, Umma?"

Nan ne fuskar tsohuwar ta karye. Shekara talatin da huɗu ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da mijinta ya rasu. "Ɗana nake so. Shekara biyu da wata bakwai rabona da shi sai a waya, shi ma rabin fuska. Ina so in taɓa kansa. Na sha gani, 'yar nan. Su sauko daga jirgi a guje, su yaye likkafani su yi ta magana, Umma ga ni, Umma na zo. Ita kuwa ta yi nisa. Gawa ba ta gani. Makara kowa ma ya ɗauka, masallaci cike yake da maza."

Ramlath ta faɗo ɗakin ta durƙusa a gefen gado tana kuka. "Umma, me mutane za su ce?"

"Su ce mana. Duk wanda ya buɗe baki, ni na wanke uwarsa. Ɗauko waya."

Ran Asabar da hantsi Shukur ya sauka a filin jirgin sama na Karipur. Da ya shigo ɗakin ya tsaya cak, don ba wadda ya bari ke nan ba. Ita ce ta fara magana. "Kai, wannan furfurar fa? Can ba sa ba ka abinci ne? Matso." Ya durƙusa, ta sa hannu biyu a kansa tana shafawa, tana shafawa, kamar mai neman wani abu a cikin gashin. Na fita na ja musu ƙofa.

Kwana bakwai, ban ga ya taka ko bakin titi ba in ba masallaci ba. Shi ke ba ta kunun shinkafa. Ta yi kwana biyar ba ta karɓa a hannun kowa, a hannunsa kuwa sai ta sha cokali uku, wata rana huɗu. Ya yanke mata farce. Ya ɗauke ta cak ya fito da ita baranda ta ga bishiyar mangwaron da ya dasa yana ɗan makaranta, ta ce 'ya'yanta tsami gare su kamar halin ubansa, suka yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Ta katanga nake jiyo su, wani lokaci hira, wani lokaci shiru kawai. Na ji daɗi, na kuma ji ƙyashi, ba zan ɓoye ba.

Mutane kuwa sun yi magana, dama sai sun yi. A shagon shayi an ce yaran zamani ba su san abin da ya kamata ba, ya zo ya ci hutu uwarsa tana numfashi. Ni aka yi rashin sa'a aka faɗa a gaba, na kuwa ba su amsar da sai da mai shagon ya ba ni haƙuri.

Nimisha ta zo ran Talata, ta wuce madafa kai tsaye ta ɗauko kujerarta. Tsohuwar ta ce wa Shukur, "Ka ga wannan? Da farko aku ce, yanzu ta zama mutum." Sannan ta juyo kaina. "Ke za ki wanke ni, Nabisa. Ruwa mai ɗumi, ki fara da dama, kuma kada ki yi mini wannan gaggawar taki."

Ranar komawa Shukur ya ajiye jaka a bakin ƙofa ya ce ba inda za shi, aiki ya tafi in zai tafi.

"'Ya'yanka uku su ci me, ganyen kwakwa?" in ji uwarsa. "Tashi ka tafi. Na gan ka, ka gan ni. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini wahalar da na bari ka sha."

Ya kifa fuskarsa a tafin ƙafarta ya daɗe. Da ya miƙe bai waiwaya ba, na san in ya waiwaya ba zai iya ba.

Ta ƙara kwana goma sha ɗaya. Ran Laraba da hantsi, ranar da damina ta sauka, ta cika, kanta a cinyar Ramlath. Na wanke ta da ruwa mai ɗumi, na fara da dama, ban yi gaggawa ba. Nimisha ta zo ko da yake ba ranar zagayenta ba ce, ta zauna kusa da Ramlath a ƙasa, ba ta ce uffan ba har aka fita da makara. Mijin Ramlath da maƙwabta suka ɗauka, cikin ruwa, kafin la'asar an rufe ta.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Shukur ne, lokacin hutun cin abincinsu a can. Ina jin rugugin injina a bayansa.

"Inna Nabisa, an kai ta?"

"An kai ta, ɗana. Mutane sun cika, sahu bakwai aka yi wajen yi mata salla."

Ya yi shiru. Na yi niyyar in cika masa kunne da ba shi haƙuri, sai na kama bakina.

"Wannan ƙarar me ce?" ya ce. "Ruwa ake yi?"

"Tun safe."

"Kina ina?"

"Ina ɗakinta, ina naɗe shimfiɗa."

"Don Allah ki ajiye wayar a taga. Kada ki kashe."

Na tura tagar, na jingina wayar a jikin ƙarfen tagar, na koma na zauna a bakin gadon da babu kowa. Ruwa yana ta dukan rufin gidan uwarsa, yana gangarowa ta indararo, shi kuma yana can yana saurare.