Ruwan Katunan Zinatu

Jikata Zinatu ta faɗi jarrabawar Turanci bara, shi ya hana ta shiga jami'a. Ubanta ya ce in ta sake faɗuwa bana, an rufe maganar karatu. Sai ta yayyanka kwalayen sukari, ta rubuta kalma a gaba, ma'anarta a baya. Tana tsintar albasa tana jujjuya su, amma kullum kukanta guda: "Kaka, ba su zama. In na riƙe na yau, na jiya sun gudu."

Mu da munka tashi a Sabiyal mun san maganin karatun da ba ya zama: a rubuta, a wanke, a sha. Na ɗauki kati guda na kai wa Malam Tukur a Jiga Makera. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Alhaji, ban san ta inda ake fara wanga ba, kuma ba ni wanke abin da ban sani ba." Ya yi mata addu'a, na dawo.

A hanya na ce, ai rubutun an riga an yi, wanki ya rage. Ranar da ta tafi suna Maiyama, na zuba katunan duka cikin ƙwarya, na kwara ruwa. Tawada ta fita shuɗiya, kwalaye sunka dagargaje.

Da ta dawo ta dubi ƙwarya, ta dube ni.

"Tsohon nan, mi ka yi mini?"

"Sha, ki bar surutu."

"Jarrabawa ta ƙarato fa, Kaka!"

"Shi ya sa na hanzarta."

Ta ƙi sha, ta yi ta kuka, abin ya ɗaure mini kai. Ba a zubar da rubutu a ƙasa, don haka na yi bisimilla na shanye. Ɗaci ke gare shi.

Washegari ta nemo wasu kwalaye, ta zauna tana rubutawa daga ka. Waɗanda sunka ɓace mata ta bi ƙawarta har Jega ta tambayo. Gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Sakamako ya fito, ta ci, an ɗauke ta a jami'ar Aliero. Ita ta ce sake rubutun ne ya zaunar da su. Ubanta ya ce addu'ar malam ce. Ni da na sha, ko kalma guda ba ta zo mini ba.

Jiya maƙwabcina Arzika ya zo, wai ɗansa zai zauna jarrabawar baɗi, in gaya masa yadda munka yi. Na ce ya je ya dawo, don ban san ta inda zan fara ba.