Kukan Birkin Yaya

Motar Yaya ta faɗo hannuna bayan rasuwarsa, da kukan birkinta da komai. Da ka taka sai ta yi ƙiii, har maƙwabta su leƙo. Shi dai Yaya har ya koma ga Allah yana cewa gobe zai kai ta gareji.

Mama ba ta gani, da wannan kukan take gane ɗanta ya iso. An gaya mata ya rasu, ta kuma ji. Amma ranar da na fara shigowa da motar sai na ji ta daga taga tana cewa Babba, wato Yaya, ya dawo, a kawo mata abinci. Kafin nan ko loma ba ta iya haɗiyewa. Ban gyara mata zance ba. Na zauna gefenta ban ce uffan ba har ta cinye, kullum kuma haka muka riƙa yi.

Da kukan ya koma gurnani, motar ta fara zarce inda na so ta tsaya, dole na kai ta wajen bakaniken Yaya. Ya ɗaga gaban da jak, ya kwance tayoyin, ya zaro takalman birkin ya miƙo mini. Sun cinye ƙarƙaf, saura ƙarfe tsirara, har sun fara zane faifan da suke damƙewa. Ya mayar da fistin ɗin da ke matsa su ciki, ya shafa ɗan giris, ya zura sababbi. Ina zaune a kan tsohuwar taya ina kallo, ba na jin komai, sai ka ce motar wani ake gyarawa.

Da ya koma tayoyin baya na roƙe shi ya bar mini takalman yadda suke, ko gefe ɗaya ne. Ya goge hannu a wando ya dube ni.

"Ɗan'uwa, na bi gawar mutum ɗaya daga gidanku. Ya isa."

Ya canza duka, ya sa na yi ta taka birkin ina saki har ya yi tauri. Na ɗauki tsohon takalmi ɗaya na jefa a aljihu, bai tambaye ni ba.

Motar ta tsaya a ƙofar gida shiru. Daga taga ma shiru. Na daɗe riƙe da sitiyari, sannan na fito na kama goga ƙarfen tsohon takalmin nan a jikin get, ni da gemuna. Ƙarar da ya yi ko kusa ba ta yi kama da kukan birkin ba.

"Auta," in ji Mama, "bar ɓata wa mutane fenti, shigo."

Na shiga na durƙusa. Ta laluba ta karɓi ƙarfen daga hannuna, ta shafa shi da yatsa.

"Tun ranar farko na san kai ne. Shi sau ɗaya yake taka birki, kai sau biyu, don tsoro."

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce ta ji ni ma sai na zauna kusa da ita nake iya cin wani abu.

Aka kawo abincin aka ajiye a tsakaninmu. Ta ce in fara, ni ma na ce ta fara, har ya huce.