Kaska Uku a Teburin Jinjiri

Malama Zuwairatu ta ajiye wata 'yar kwalba a gefen teburin nama, ta gaida Alhaji Jinjiri har gida da iyali, shi kuwa yana amsawa yana sarar ƙashi. Tun makon jiya ya hana 'yarsa Sadiqa zuwa makaranta, don ta faɗa a gida cewa an taɓa yin ƙadangaru masu fiffike, wasu sun fi a-kori-kura faɗi. Ga jarrabawar fita ta ƙarato, Sadiqa kuma ita ce idon ajin. Malama ta ƙudura ba za ta bar kasuwar Batsari ba sai ya yarda yarinyar ta koma.

"Malama, ba ni aika ɗiyata a koya mata ƙarya," in ji shi. "Wa ya ga abin nan yana tashi?"

"Babu wanda ya gani, Baba. Amma duba mini wannan."

Ta zazzage kaska uku daga kwalbar a kan takarda. Alhaji mutum ne mai son a tambaye shi, nan take ya ajiye gatari, ya jujjuya su da bakin wuƙa.

"Wagga ta sa ce. Wagga ta kare. Mai zanen ƙafan nan kuwa, raƙumi ta sha."

"Kun ga raƙumin?"

"Ina ruwana da ganin shi? Kaska ba ta ɓoye ubangidanta."

Nan kuwa Malama take son a zo. Ta buɗe waya ta nuna masa hoton wata ƙuma da aka haƙo a ƙasar Sin, ta daskare cikin dutse, ta kai gaɓar yatsa. Ta ce a irin duwatsun nan aka samu ƙasusuwan ƙadangarun, har da shatin fiffike.

Ya daɗe yana kallo, wani mai sayen hanta na jira.

"Wannan dogon baki na huda fata mai kauri ne," ya ce a hankali. "Faratan kuwa na riƙe gashi ne. Abin naki gashi gare shi."

"Haka masu binciken ke zato, Baba."

Ta nuna masa zanen dabbar. Ya auna wuyan da yatsa, ya girgiza kai, ya ɗauki gatarinsa.

"Gobe ta koma aji. Amma in ta yi nisa a karatun, ta binciko mini inda ake sa ma abin nan wuƙa."