Mai Tsaron Hanyar Tafki

Dahu ya fara hawa dutsen nan da kaya a gadon baya tun bai yi gashin baki ba. A ƙauyenmu na 'yan ƙabilar Bunun, cikin tsaunukan Taiwan, dako ne aikin da namiji yake kamawa idan gonar gero ba ta isa ba. Ya ɗauki shinkafa, ya ɗauki tukunyar gas, ya taɓa sauko da baƙon da ya karye a cinya. Da gwiwoyinsa suka fara gajiya, hukumar gandun daji ta ba shi riƙon masaukin masu hawan dutse, wanda daga bayansa hanya take miƙewa zuwa tafki. Shi ke duba takardar izinin kowa, shi ke dafa shayin citta, shi ke kwashe masai.

A shekarun nan tafkin ya shiga uku. Hotonsa ya bazu a wayoyi, mutanen birni suka riƙa kwararowa. Ciyawar bakin ruwa ta mutu, ta koma taɓo. Bayan kowane dutse akwai takardar goge kashi. Bareyi suka daina tsoron mutum, suna zuwa lasar inda aka yi fitsari, har aka tsinci wata a mace da leda a cikinta.

Ana haka Husung ya zo. Ɗan ƙanin mahaifiyar Dahu ne, a gidansu ya tashi bayan rasuwar ubansa, kuma Dahu ne ya koya masa ɗaura igiyar kaya a goshi. Ya yi karatu, ya samu kujera a ofishin hukumar. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ya roƙi mutane su ɗan zauna.

"Iyayena, ku ba ni shekara uku," in ji shi. "A rufe hanyar tafki, kowa da kowa, har da mu. Ciyawa ta farfaɗo. Idan an buɗe, ƙauyen nan ne zai riƙe hanyar. Mu za mu ce mutum nawa zai hau."

Wani tsohon maharbi mai suna Lanihu ya yi dariya. "Kai da ka yi tumbi a ofis, za ka iya kai ƙafarka can ma ka ga ciyawar?"

Aka fashe da dariya, shi ma Husung ya yi. Amma Lanihu bai gama ba. "Mun sha jin hukuma ta ce rufewa na ɗan lokaci ne. Dajin da muke farauta ma haka aka ce."

Sai Dahu ya miƙe. Ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa aka yi tsit.

"Yaron nan a tabarma ɗaya muka kwana," ya ce. "Idan ƙarya ya yi muku, ni na yi muku."

Da wannan aka yarda.

Aka kafa ƙofar ƙarfe bayan masauki, aka damƙa wa Dahu mabuɗi. Ya riƙe ta da gaske. Ɗalibai sun roƙe shi, wani attajiri ya nemi cusa masa abu a aljihu, wata mata ta zage shi tas ta ce za ta kai ƙararsa. Shi dai sai ya zuba musu shayi ya nuna musu hanyar ƙololuwar gabas. Duk ƙarshen wata mazan ƙauye suna bin sa da buhuna, su tsaya inda aka yarda ma'aikata su taka, su kwaso shara su sauko da ita a baya. Mata suka raini ciyawa a bayan gidajensu, aka hau da ita aka dasa. Babu wanda ya nemi lada.

A shekara ta biyu Gwaggo Abus ta zo. Yayar mahaifin Dahu ce, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san tsohon ƙauyenmu da ke gefen tafki, inda har yau kangon gidajen dutse yake. Jikokinta biyu ne suka goyo ta bi da bi har bakin ƙofar. Ciwo ya riga ya cinye ta.

"Dahu, buɗe mini," ta ce. "Ba zan taka maka ciyawa ba, a goye nake. In ga gidan babana kawai, in koma."

Dahu ya durƙusa a gabanta. "Gwaggo, ki yi mini rai. In na buɗe miki, gobe da wace fuska zan hana wani? Saura kaɗan. Ni da kaina zan goya ki ranar da za a buɗe."

Ta dube shi. "Kai ma ka zama hukuma ke nan."

Ya dafa mata kunun gero, ta ƙi sha. Jikokin suka juya da ita ba tare da sun yi masa sallama ba. Kafin damina ta wuce aka binne ta. A wurin jana'izar 'ya'yanta ba su bar shi ya kama akwatin gawar ba.

Ya koma dutse ya ci gaba da aikinsa. Ciyawa kuwa ta dawo. Shekara ta uku bakin tafkin ya yi kore shar, bareyi suka koma gudu idan sun ji motsin mutum.

Wata safiya yana shanya barguna sai ya ji rugugi. Jirgi mai saukar ungulu ne, da damin katako yana lilo a ƙarƙashinsa. Ya wuce ta kan masauki, ya nufi tafki. Ya dawo, ya sake wucewa da wani damin. Dahu ya buɗe ƙofa ya kama hanya da sauri iya yadda gwiwoyinsa suka bari.

Ya tarar an jibge katakon a kan ciyawar da matan ƙauye suka dasa. Ma'aikata suna kafa turaku. Husung yana tsaye tare da wani mutum mai sabuwar rigar sanyi ja.

"Yaya," in ji Husung, yana ƙoƙarin murmushi. "Da ma yau nake shirin biyowa ta wurinka."

"Mene ne wannan?"

"Dandamali ne za a yi, na tantuna. Hukuma ta ba wani kamfani izinin kawo baƙi. Kaɗan ne, Yaya, masu tsabta. Ba irin na da ba."

"Ƙauye fa?"

"Za a ɗauki 'yan dako daga ƙauye. Na tsaya a kan wannan, sai da na yi faɗa."

"'Yan dako," Dahu ya maimaita. "Ka ce mu za mu riƙe hanya."

"Ba ni kaɗai nake yanke hukunci ba. Hukuma ba ta da abin gyara masai ma, ka fi kowa sani. Me kake so in yi?"

"Ina so ka faɗa mini tun yaushe ka sani."

Husung ya sunkuyar da kai yana murza igiyar hularsa. Mai jar rigar, wanda bai jin harshenmu, ya ga kamar gaisawa ake yi, sai ya matso da fara'a ya miƙa wa Dahu hannu.

"Kai ne mai tsaron ƙofar? Sannu da ƙoƙari, Malam! Lokacin da Husung ya fara kawo mu awo, kafin a rufe, wurin nan juji ne. Muka ce ba za mu sa hannu ba sai an gyara. Ya ce mu ba shi shekara uku, yana da mutumin da ko uwarsa ba zai bari ta wuce ba. Ga shi kuwa!"

Dahu bai karɓi hannun ba. Ya dubi Husung.

"Ranar da Gwaggo ta zo, na kira ka a waya. Na ce ko a yi mata alfarma. Ka tuna abin da ka ce?"

Dahu ya ba kansa amsa.

"Ka ce in daure, don jikokinmu ne."

"Yaya, wallahi..."

"Kada ka ƙara kira na Yaya."

A ranar Dahu ya sauko ƙauye. Bai jira Lahadi ba, gida gida ya bi yana faɗin abin da ya faru da bakinsa. Wasu suka zage shi. Lanihu, wanda kowa ya zaci zai ce ai na faɗa, sai kawai ya jawo masa kujera ya zuba masa giyar gero. Gidan Gwaggo Abus ne ba a buɗe masa ƙofa ba, ya faɗi abin da ya kawo shi daga waje.

Ƙauye ya kai kuka ofishin hukuma. Aka karɓe su da shayi, aka ce za a duba. Samari suka yi rantsuwa ba za su ɗauki kayan kamfanin ba, kuma sun riƙe rantsuwar har kaka. Sai guguwa ta zo ta kwantar da gero, ta yaye rufin gidaje. Ɗaya bayan ɗaya samarin suka fara zamewa da asuba suna hawa da kayan kamfanin. An yi wa Husung ƙarin girma, aka mayar da shi babban ofis. Ya aiko wa Dahu maganin gwiwa mai tsada ta hannun fasto, Dahu ya ce a mayar.

Yanzu Dahu ya bar masauki, kabeji yake nomawa a gangaren bayan gidansa. Kwanan baya ɗansa Tiang, wanda matarsa ta haihu, ya same shi a gona ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, 'yan kamfanin sun kira ni. Gobe za a hau da baƙi."

Dahu ya ci gaba da cire ciyawa.

"Idan ka ce kada in je, ba zan je ba."

"Jaririn me zai ci?" in ji Dahu. Ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe hannuwansa. "Kawo igiyar kayanka in gani. Waccan da kake ɗaurawa za ta yanke maka goshi."

Tiang ya kawo. Dahu ya zauna a kan kututture ya warware ta, ya sake saƙa ta da faɗi, har rana ta yi sanyi. Da ya gama ya miƙa masa, ya ɗauki fartanyarsa ya koma cikin kabeji.